Tom Brady: Kaka 23 a Filin Ƙwallon Amurka

Thomas Edward Patrick Brady Jr., wanda aka fi sani da Tom Brady, tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka ne da ya buga kaka 23 a gasar NFL, daga 2000 zuwa 2022. An haife shi ranar 3 ga Agusta, 1977, a garin San Mateo na jihar Kalifoniya. Ya ɗauki kofin Super Bowl sau bakwai, ya kuma kai wasan ƙarshe sau goma.

Matsayinsa a fili shi ne kwatabak, wato madugun masu kai hari. Shi ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane yunƙuri, ya dubi yadda masu tsaron gida suka tsaya, ya jefa wa abokin wasansa cikin daƙiƙa biyu ko uku, kafin ƙattai masu nauyin sama da kilo 120 su turmushe shi. Kaɗan ne ke kai shekara 40 a wannan aiki.

Bai shigo gasar da suna ba. Bayan ya gama wasa a Jami'ar Michigan, sai da aka ɗauki mutum 198 a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2000 kafin New England Patriots ta kira sunansa a zagaye na shida. Kwatabak shida aka fifita a kansa, domin masu duba 'yan wasa sun ga ba shi da gudu, jikinsa kuma bai cika ba. Ya yi kakar farko a benci. Ranar 23 ga Satumba, 2001, babban kwatabak na ƙungiyar, Drew Bledsoe, ya ji mummunan rauni a karawa da New York Jets, koci Bill Belichick ya sa Brady, kuma ko da Bledsoe ya warke bai mayar masa da gurbinsa ba. A Fabrairun 2002 Patriots ta doke St. Louis Rams da maki 20 da 17 a Super Bowl, Brady ya ɗauki kofinsa na farko. Kofi biyu suka biyo baya a kakar 2003 da ta 2004.

Daga nan sai shekara goma ba kofi. A 2007 ƙungiyar ta cinye wasanni 16 na kaka ba tare da ta faɗi ko sau ɗaya ba, amma New York Giants ta kayar da ita a wasan ƙarshe da maki 17 da 14. A wasan farko na 2008 jijiyar gwiwarsa ta tsinke, ya rasa kakar baki ɗaya. Akwai kuma tabo a tarihinsa: an zarge shi da masaniya kan rage iskar ƙwallaye a wasa da Indianapolis Colts a Janairun 2015. Ya musanta, aka je kotu, daga ƙarshe aka dakatar da shi wasa huɗu a 2016.

Abin da ya bambanta shi da sauran gwanaye ya zo ne bayan ya haura shekara 37, lokacin da tsararrakinsa ke ajiye hular kwano. Kofi huɗu ya ƙara. Wanda ba a mantawa shi ne na Fabrairun 2017: Atlanta Falcons na gaba da maki 28 da 3 a kashi na uku na wasan, Brady ya yi ta tura gajerun jifa ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, har suka farke, suka ci 34 da 28 a ƙarin lokaci. Shi ne karo na farko da Super Bowl ya kai ƙarin lokaci.

Me ya sa ya daɗe haka? Shi kansa yana danganta abin ga tsarin da suka gina da mai horar da jikinsa Alex Guerrero, mai suna TB12: tausa don laushin tsoka, yawan shan ruwa, kwanciya da wuri, da guje wa sukari. Masana lafiya da dama sun yi shakkar wasu iƙirarin tsarin. Dalilin da ya fi ƙarfi yana cikin salon wasansa. Tun farko bai dogara da ƙafa ba, saboda haka tsufa bai ƙwace masa wani babban makami ba. Yana sakin ƙwallo da wuri, yana gane dabarar abokan hamayya tun kafin a fara, kuma dokokin kare kwatabak da gasar ta tsananta a zamaninsa sun rage masa shan duka.

A 2020 ya bar Patriots bayan kaka 20, ya koma Tampa Bay Buccaneers. A kakarsa ta farko, yana da shekara 43, suka lallasa Kansas City Chiefs da maki 31 da 9 a Super Bowl da aka buga a filin Buccaneers. Wannan ya kashe bakin masu cewa nasarorinsa na Belichick ne. A 2021 ma shi ya fi kowa yawan yadin jifa a gasar.

Ya sanar da yin ritaya a Fabrairun 2022, ya janye bayan kwana 40, sannan ya ajiye wasa gaba ɗaya ranar 1 ga Fabrairu, 2023, yana da shekara 45. Ya bar tarihin yadi 89,214 na jifa a wasannin kaka. Tun 2024 yake sharhin wasanni a tashar Fox, kuma yana da hannun jari a Las Vegas Raiders da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Birmingham City ta Ingila.