Zafin iska da rayuwar dawa, daga shuka zuwa fitar kai

Mun saba cewa dawa ba ta tsoron rana. Gaskiya ne, ta fi masara juriya nesa ba kusa ba. Sai dai juriyar tana da iyaka, kuma akwai lokaci biyu a rayuwarta da zafi ke iya cinye wahalar shekara guda.

Dawa ta fi jin daɗin girma idan ma'aunin zafi yana wajen digiri 27 zuwa 32. A nan ne take saurin fidda ganye, karanta ya yi ƙwari. In sanyi ya sauko ƙasa da digiri 10 kuwa, sai girman ya tsaya cik.

Lokaci na farko mai haɗari shi ne tsiro. A watan Mayu da farkon Yuni iska tana wuce digiri 40 a Maradi, Damagaram da Tahoua, amma saman ƙasa ya fi haka zafi, da tsakar rana yana haura digiri 50. Wanda ya yi shuka da yayyafin farko, sannan ruwa ya ɗauke kwana goma, ya san abin da muke nufi: tsiron ya leƙo, ƙasa ta ƙone shi, sai a koma neman iri. Shi ya sa muke ganin gara a jira ruwan da ya jiƙa ƙasa sosai, kuma a bar ragowar kara da taki a gona, don suna rage wa ƙasa zafi.

Na biyu ya fi ɓoyuwa. Idan dawa ta yi ciki ta fidda kai, furenta na buƙatar ƙurar da za ta haɗu da shi kafin a samu tsaba. Zafin da ya zarce digiri 36 zuwa 38 a waɗannan kwanaki yana kashe ƙurar. Daga nesa gona kore shar, zangarniya tsaye, amma ka murza ta a hannu, rabi babu ido. Abin ya fi muni in damana ta yanke da wuri, dawa ta yi fure cikin zafin Oktoba ba danshi a ƙasa. Ko tsabar ta kama, zafi yana gaggauta nunarta, sai ta fito ƙanana, mudu ba nauyi.

Nan ne amfanin iri mai saurin nuna, kamar Mota Maradi da cibiyar binciken noma ta INRAN ke yaɗawa: yana gama fure tun ƙasa da sauran ruwa.

Masu noman rani a Konni da Galmi su kuma sanyi ne abin lura. Daren Disamba da Janairu, in ya sauka ƙasa da digiri 13 dawa tana ciki, shi ma yana lalata ƙurar furen, kai ya fito fanko.