Suna da Wakilin Suna: Tarihin Wani Darasi a Makarantun Kontagora

Tun kafin Ingilishi ya shiga ƙasar Kontagora, ilimin rarrabe kalmomi ya riga ya zauna a zaurukan malamai, domin garin da Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa a 1864 ya gaji tsarin karatun Daular Sakkwato, inda nahawun Larabci yake cikin fannonin da malami ba ya cika sai da su. Ɗalibin da ya sauke Alƙur'ani ya shiga karatun littattafai yakan fara da Ajurumiya ta Ibn Ajurum, malamin Fas da ya rasu a 1323, sannan ya hau Alfiyya ta Ibn Malik. A wannan tsari, wanda ya samo asali daga Sibawaihi a ƙarni na 8, kalmomi kashi uku ne kawai, wato ismi da fi'ili da harafi, kuma lamiri, kalmar da ke nuna mai magana ko wanda ake yi wa magana ko wanda ake magana a kansa, reshe ne a ƙarƙashin ismi, ba a ware masa aji na kansa ba.

Turawa sun zo da wani rabo dabam mai tsawon tarihi. Littafin nahawun Girkanci da ake dangantawa ga Diyonisiyas Tiraks, wanda ya rayu fiye da shekaru 2,000 da suka wuce, ya kasa kalmomi gida takwas, ya kuma ba wakilin suna gida guda. Donatus ya zaunar da wannan rabo a Latin a ƙarni na 4, daga nan ya gangaro zuwa Ingilishi ta hannun William Bullokar a 1586, da Robert Lowth a 1762, da Lindley Murray a 1795. Da sojojin Ingila suka ci Kontagora a 1901, zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, wannan rabo ne ya biyo bayansu sannu a hankali, ta makarantar da Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, da Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda ta horar da malaman da suka bazu a lardunan Arewa.

Ma'anar da aka riƙa sa yara su haddace ita ce wakilin suna kalma ce da ke zama a madadin suna, kuma a nan ne wahalar ɗan Bahaushe take, domin harshensa bai tafi a kan wannan ƙa'ida ba. Bahaushe yana cewa "Audu ya tafi", inda sunan da ƙaramar kalmar "ya" suke zaune tare, babu wanda ya kori wani, saboda "ya" aikinta shi ne nuna jinsi da adadi da lokacin aiki, shi ya sa masana suke kiranta lamirin suna ko zagin aikatau. Yaron da ya rubuta "Audu he went" ba rashin basira ya nuna ba, ƙa'idar harshensa ya bi daidai wa daida, kuma abin takaici ne yadda aka daɗe ana jan layin ja a ƙarƙashin irin wannan jumla ba tare da an bayyana masa tushen kuskuren ba. Haka kuma Hausa tana bambanta "kai" da "ke" da "ku", alhali Ingilishi ya dunƙule su a "you", sannan Ingilishi yana da "it" na abin da ba mutum ba, wanda Hausa ba ta da shi, tunda kowane suna tilo a cikinta ko dai namiji ne ko mace.

Binciken harshe na ƙarni na 20 ya nuna cewa tsohuwar ma'anar ba ta wadatar ko da ga Ingilishi ba, domin wakilin suna yana maye gurbin yankin suna ne gaba ɗaya, wato sunan tare da duk kalmomin da ke siffanta shi. Alamomin da suka fi tabbata su ne cewa suna yana karɓar "the" ko "a" a gabansa, wakilin suna kuwa ba ya karɓa. Wakilin suna yana sauya siga gwargwadon matsayinsa a jumla, kamar "he" da "him", suna kuwa ba ya yin haka. Kuma sababbin sunaye suna shigowa kullum, amma adadin wakilan suna ƙayyadadde ne.

Samun kalmomin da za a yi wannan bayani da Hausa ya ɗauki lokaci. Littafin nahawu na M.K.M. Galadanci ya fito a 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Neja aka kuma ƙaddamar da ilimin firamare kyauta ga kowa, sannan a 1990 aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace. Tsakanin waɗannan shekaru, a 1978, aka kafa kwalejin horar da malamai ta tarayya a Kontagora, wadda ɗalibanta suke zuwa koyarwa a azuzuwan da 'ya'yan Hausawa da Fulani da Kambari da Dakarkari suke zaune a benci ɗaya, inda sau da yawa Hausa ce harshen da malami yake komawa gare shi idan bayanin Ingilishi ya ƙi shiga.