Zoben Goggo da tarihin dutsen fairuz

Ina ƴar makarantar firamare a nan Matameye aka yi wata rigima a gidanmu wadda har yau ban manta da ita ba. Goggona tana da zoben azurfa mai shuɗin ido, tsarabar Makka da mijinta ya kawo mata. Wata safiya ta lura idon ya soma komawa kore. Kafin la'asar magana ta gama gida: wai zoben ne ya tare sammun da aka yi mata. Nan take aka zuba wa amaryar gidan ido. Baiwar Allah ta yi wajen wata biyu ana ƙyamar tuwon da ta tuƙa.

Sai da na shiga makarantar horon malamai na san sunan dutsen. Larabawa na ce masa fairuz, sun aro kalmar daga Farisanci, inda take da ma'anar nasara. Faransawa kuwa suka laƙaba masa sunan Turkiyya, don ta hannun fataken can yake isa Turai, alhali mahaƙarsa mafi shahara tana kusa da birnin Nishafur na ƙasar Iran. Tun kimanin shekara 5,000 da suka wuce Misirawa ke haƙo shi a tsibirin Sina'i, kuma akwai shi cikin adon fuskar zinariyar Fir'auna Tutankamun da aka tono kabarinsa a 1922.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, camfin gidanmu ba mu muka fara shi ba. Turawan da sun yi imani fairuz yakan dushe idan mai shi ya kamu da ciwo, yana kuma kare mahayi daga faɗuwa kan doki. Wani likitan sarki Rudolf na Biyu mai suna Anselmus de Boodt ya fitar da littafi kan duwatsu masu daraja a 1609. A ciki ya ba da labarin wani kodaɗɗen fairuz da mahaifinsa ya ba shi, wanda launinsa ya dawo bayan ya soma sa shi, daga baya kuma ya tsage ranar da doki ya kayar da shi bai ji ciwo ba. Likita guda ke nan, balle Goggo.

Su ma ba ƙarya suka yi ba wajen abin da idonsu ya gani, dutsen yana sauya launi. Inda aka ɓata shi ne wajen dalili. Fairuz haɗi ne na tagulla da alminiyum da fosfat, da ɗan ruwa a jikinsa. Tagullar ce ke ba shi shuɗi. Jikinsa kuma cike yake da ƙananan kafofi da ido ba ya gani, shi ya sa yake shan mai da gumi da sabulu da turare. Idan ya sha ya ƙoshi, sai shuɗin ya karkata zuwa kore, zafi ma yana kodar da shi. Ƙarfinsa bai wuce 5 zuwa 6 ba a ma'aunin Mohs, yashi kuwa 7 ne, don haka ƙurar hunturunmu kaɗai ta isa ta goge masa ƙyalli.

To, sana'ar Goggo ƙuli-ƙuli ce. Kullum hannunta cikin tunkuza da man gyaɗa, ba ta kuma cire zoben ko wajen wanke-wanke.

Ban da haka, ba kowane shuɗi ne fairuz ba. Baturen nan Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851 ya kuma sauka Damagaram a ƙarshen 1852, ya lissafa duwatsun wuya na birnin Fenis cikin hajar da ayari ke ƙetaro Sahara da ita. Na gilashi ne. A Ile-Ife ma, tun wajen ƙarni na 11, Yarbawa na narka gilashi suna yin shuɗɗan duwatsu, har an tono irinsu a Gawo ta ƙasar Mali. Yau abin ya fi muni: ana rina wani farin dutse mai arha, ko a zuba roba a ƙera, a sayar wa alhazai da sunan fairuz. Iyaye na ganin an fitar da jikkuna an saya wa yaro don tsarin baki, alhali kuɗin littafi ya gagara. Mai son gwadawa ya diga maganin goge farce a auduga ya shafa a gefe, idan rini ne audugar za ta yi shuɗi. Allura mai zafi kuma tana narka na roba.

Goggo ta rasu, zoben ya dawo hannuna, na kuma gwada shi: na gaske ne. Duk shekara nakan kai shi aji in ba ɗalibai labarin, in tambaye su me ya sauya launin. Yawanci ƴan mata ke fara cewa mai ne. Amaryar tana nan da ranta, ta tsufa, jikokinta biyu sun bi ta ajina. Ranar da na je na yi mata wannan bayani, ta juya zoben a tafin hannunta, ta miƙo mini, ta ce in gaida mutanen gida.