Inda Ake Tsayawa: Tarihin Aya da Waƙafi a Yammacin Zamfara

Duk wanda ya taɓa buɗe Alƙur'ani rubutun hannu a wani zaure na Anka ko Gummi ya san takardar ba baƙi kaɗai ta ɗauka ba. Baƙaƙen da baƙar tawada aka yi su, wasulla da ja. A ƙarshen kowace aya akwai 'yan da'irori uku, ɗaya a kan biyu, an cike su da rawaya. Aya ta biyar tana da tata alama, kumsa. Ta goma kuma kuri ne, zagayayye mai ado. Kakana marubuci ne a Gummi, kuma na ga yadda yake yi: sai ya gama shafi da baƙi, ya bar shi ya bushe, sannan ya canja alƙalami ya koma farko. Yakan ce wanda bai san inda ake tsayawa ba bai iya karatu ba tukuna.

Wannan tsari daga nesa ya zo. Ƙasarmu ta daɗe tana karatu da riwayar Warshu, irin ta Magrib, kuma wuraren tsayawar da gardawa ke bi ana danganta su ga Malam al-Habɗi na Fas, wanda ya rasu a 1524. Ƙaramar alama ce a saman kalma, amma almajiri zai sha bulala a kanta, don tsayawa a gurbin da bai dace ba na iya juya ma'ana gaba ɗaya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wannan kulawa ba ta shiga wasiƙun ajami ba. Mutum zai aika wa ɗan'uwansa takarda daga Bukkuyum zuwa Sakkwato, layi na bin layi, babu ɗigo ko ɗaya. Kalmomi ne ke yin aikin: "bayan gaisuwa", "bayan haka", "sannan kuma", har a kai ga "haza wassalam". Ragowar aikin na mai karantawa ne. Malamin da aka kai wa takardar zai fara bin ta da ido, ya gano inda magana ta karye, sannan ya ɗaga murya. Numfashinsa ne waƙafi. Haka ma a karatun zaure da tafsirin azumi: mai jan baƙi ya ja, malam ya tare shi a daidai gaɓa ya fassara, ya sake shi ya ci gaba. Katsewar ita ce rabin darasin.

Boko ne ya sauko da numfashin nan kan takarda. Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya a Janairun 1939, azuzuwan Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 kuma suka kai fensir ƙauyuka. Malaman makaranta ba su yi nisa wajen neman suna ba, tsangaya suka koma: ɗigon ƙarshen jimla ya zama aya, ɗan gajeren hutu ya zama waƙafi. Ɗan Gummi ne ma, Shaikh Abubakar Mahmud Gumi, ya fassara ma'anonin Alƙur'ani cikin boko, aka buga a 1979, inda ayar tsangaya da ayar makaranta suka haɗu a shafi guda.

Yau kuwa mun koma gidan jiya, sai dai babu malamin da zai karanta mana. Saƙonnin waya suna zuwa a dunƙule. A wannan yanki da satar mutane ta addaba, abin ya wuce batun ado. Wata ƙanwata ta sami saƙo da dare game da mijinta: "an sake shi". Ta tashi gida duka da murna. Ashe mai saƙon tambaya yake yi.