Kokawar Neman Rumfa a Shafin Farko

Kowane ɗan kasuwa ya san darajar rumfar bakin hanya. Wanda aka jefa can cikin lungu, ko da kayansa sun fi na kowa kyau, sai ya wuni yana korar ƙuda. Da ciniki ya koma intanet, shafin farko na injin bincike ya zama bakin hanyar, kuma kusan shekara talatin ke nan masu ƙananan shaguna suna kokawar samun gurbi a cikinsa.

Da farko da hannu ake rabon rumfunan. A 1994 Jerry Yang da David Filo, ɗalibai a Jami'ar Stanford ta Amurka, suka kafa Yahoo a matsayin kundin shafuka. Mai shago ya aika adireshinsa, ma'aikaci ya duba, ya ajiye shi a rukunin da ya dace. AltaVista, wanda ya fito a Disambar 1995, manhaja ya saki tana yawo tana karanta shafuka, tana ƙirga kalmomi. Ba a jima ba masu wayo suka gano lagonsa. Mai sayar da takalma sai ya jera kalmar takalma sau ɗaruruwa a ƙasan shafinsa, farin rubutu a kan farin bango. Mai saye ba ya gani, inji kuwa ya haɗiye.

A 1998 Larry Page da Sergey Brin suka zo da Google. Dabararsu, PageRank, ta ɗauki kowane mahaɗi da wani shafi ya yi zuwa wani a matsayin shaida, kamar yadda ake gane amintaccen ɗan kasuwa ta yawan masu turo masa mai saye. Shaida na yin daraja sai ta zama haja: dillalai suka buɗe sana'ar sayar da mahaɗai.

Ƙananan shaguna sun ɗanɗana kuɗarsu a Nuwambar 2003. Ana dab da cinikin Kirsimeti Google ya sauya ma'auninsa, sauyin da aka laƙaba wa suna Florida. Shagunan da suka daɗe a sahun gaba suka wayi gari babu su babu labarinsu, har da waɗanda suka ce ba su yi wata cuwa-cuwa ba, ga kuma kaya jibge. Da yawa suka yi zargin so ake a tura su sayen talla a AdWords, wanda kamfanin ya buɗe a 2000. Daga lokacin masu shaguna suka fahimci cewa rumfar aro suke zaune, mai kasuwa na iya tashin su ba sallama.

Shekarun da suka biyo baya na tonon asiri ne. A 2010 jaridar New York Times ta ba da labarin wani mai sayar da tabarau a Brooklyn da ke zagi da tsorata masu sayen kayansa, yana alfaharin cewa ƙorafe-ƙorafensu a intanet ne ke ɗaga shagonsa sama. Google ya gyara ma'auni, shi kuma ya ƙare a gidan yari. A Fabrairun 2011 jaridar ta bankaɗo dubban mahaɗan bogi da suka ɗora katafaren kantin J.C. Penney a saman bincike, aka kuwa rufto da shi. A wannan watan kuma sauyin Google mai suna Panda ya hukunta shafukan da ba su da abin kirki sai kwafe, sannan Penguin ya bi sawun masu sayen mahaɗai a Afrilun 2012. Daga 21 ga Afrilun 2015 shafin da ke buɗuwa da kyau a waya ya fara samun fifiko ga mai bincike da waya.

Abin da ya tsira daga wannan tankaɗe shi ne aikin da ƙaramin mai shago ya fi kowa iyawa: ya bayyana kayansa da bakinsa, da kalmomin da mai saye ke nema da su, ya sa hoto na gaskiya da farashi, ya bar waɗanda suka saya su yi shaida. Sai dai kasuwar ba ta daina motsi ba. A 2012 Google ya mayar da jerin kayan sayarwa na Google Shopping na kuɗi, ya dawo da na kyauta a 2020 lokacin annobar korona. A Mayun 2024 kuma ya fara ɗora amsar ƙirƙirarriyar basira a saman sakamakon bincike a Amurka, ta yadda mai saye kan sami abin da yake nema tun bai gangaro inda shagunan suke ba.