Ranar da Guragu 19 Suka Tsayar da Bas a Denba

Yayana shan-inna ya kama shi yana ɗan shekara uku. Na taso ina ganinsa a kan kekensa na hannu, yana murza shi daga unguwarmu zuwa kasuwa, inda yake gyaran rediyo. Sau da yawa na tsaya da shi a bakin titi muna jiran motar haya. Direba zai rage gudu, kwandasta ya leƙo, da ya ga keken sai ya buga jikin mota su wuce. Yaya ba ya cewa komai, sai dai ya gyara zama ya ce, "Ƙanena, mu jira ta gaba." Saboda wannan jiran ne labarin wasu mutane 19 na birnin Denba, a jihar Kolorado ta Amurka, ya zauna mini a rai.

A farkon shekarun 1970, da yawa daga cikin matasan da ke kan keken guragu a Denba a gidajen kula da tsofaffi ake ajiye su, ba makaranta, ba sana'a, ba fita. Wani limamin coci mai suna Wade Blank, wanda ya yi aiki a ɗaya daga cikin gidajen, ya ga wannan zama bai dace da ɗan Adam ba. A 1975 ya taimaka wa wasunsu suka fito, suka kafa ƙungiyar Atlantis domin kowa ya zauna a ɗakin kansa. Da suka fito sai suka tarar da wani kurkukun: gari ga shi a buɗe, amma babu hanyar shiga cikinsa, domin kowace bas tana da matakala a bakin ƙofa.

Hukumar sufurin birnin, RTD, ta sayo sababbin bas sama da 250, babu ko ɗaya mai na'urar ɗaga keke. Mutanen Atlantis suka kai ƙara kotu, ba su yi nasara ba. Ranar 5 ga Yuli, 1978, su 19 suka gangara mahaɗar titin Colfax da Broadway, tsakiyar gari, suka kewaye bas biyu da kekunansu. Wasu suka sauka suka kwanta a kan kwalta. Nan suka wuni, nan suka kwana, har washegari, suna ta nanata cewa su ma sai sun hau. 'Yan sanda suka rasa yadda za su yi da su, sai suka kama masu taimaka musu. Daga bisani hukumar ta sauko, ta yarda ta fara sanya wa motocinta na'urar.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba su roƙi a ware musu wata mota ta daban ba. Irin wannan motar tana nan a lokacin, amma sai ka yi rajista tun kafin ranar tafiya, ka jira a zo a ɗauke ka kamar kaya. Su kuwa motar kowa da kowa suke so, a tashar kowa da kowa, su biya kuɗinsu kamar kowa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A 1983 suka kafa wata ƙungiya mai suna ADAPT, suka riƙa bin taron shekara-shekara na ƙungiyar hukumomin sufurin Amurka gari-gari, ana kama su, ana sakinsu, suna komawa. A watan Maris na 1990, wasu daga cikinsu suka bar kekunansu suka hau matakalar ginin majalisar dokoki a Washintan da rarrafe, har da wata yarinya 'yar shekara 8. Ranar 26 ga Yuli na wannan shekarar shugaba George Bush babba ya sa hannu a dokar kare haƙƙin naƙasassu, wadda ta wajabta cewa duk sabuwar bas da hukuma za ta saya dole mai keke ya iya shigarta. Shekara 12 ke nan daga daren da aka kwana a kan kwaltar Denba.

Mu ma a Najeriya muna da doka. A Janairun 2019 shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu wariya, aka ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-gine da motocin jama'a. Wa'adin ya cika. A 2020 an tabbatar an kawar da ƙwayar shan-inna ta asali daga ƙasar nan, alhamdulillahi, amma waɗanda ta riga ta kama suna nan da ransu, da sana'arsu, da 'ya'yan da suke ciyarwa.

Mun saba kallon gurgu da idon sadaka. Labarin Denba ya koya mini cewa shan-inna jarrabawa ce daga Allah, amma matakalar bas mutum ne ya zana ta, mutum ne ya sa hannu aka sayo ta, mutum kuma zai iya cire ta. Yaya bai taɓa neman kowa ya biya masa kuɗin mota ba. Kuɗinsa na cikin aljihunsa. Abin da yake jira a bakin titi, motar da za ta tsaya ce.