Yadda Sauro Ɗaya Ya Zama Tara: Tarihin Sunan Anopheles gambiae

Duk wanda ya buɗe rahoton yaƙi da zazzaɓin cizon sauro da aka rubuta a Afirka kafin 1960 zai tarar da suna ɗaya yana ta maimaituwa, wato Anopheles gambiae. Shi aka ɗora wa alhakin cutar tun daga gaɓar Senegal har tsibirin Madagaska, kuma a kansa aka tsara feshi da kasafin kuɗi. Yau masana ƙwari sun yarda cewa abin da ake kira da wannan suna ya ƙunshi aƙalla jinsi tara, masu kama da juna har gwanin da ya tsufa a kan madubin ƙara girma ba zai iya raba manyansu da ido ba. Akwai masu ganin wannan rarrabewa aikin malamai ne da ke son rubuce-rubuce, wanda bai tsinana wa majinyaci komai ba. Tarihin yadda aka yi ta ya nuna akasin haka. Sunan da aka ba ƙwaro yana ɗauke da zato game da inda yake ƙyanƙyasa da wanda yake cizo da inda yake kwana, kuma idan sunan ya haɗa halittu biyu masu ɗabi'a daban, maganin da aka shirya zai kama ɗaya ya bar ɗaya.

Tsarin sunayen dabbobi da ake bi yanzu ya samo tushe ne daga bugu na 10 na littafin Carl Linnaeus, mutumin Suwidin, wanda ya fito a 1758. Kowace halitta suna biyu gare ta: na farko na dangi, na biyu na jinsi. Linnaeus ya zuba sauro duka a dangi ɗaya, Culex, sai a 1818 Bajamushe Johann Meigen ya ware dangin Anopheles. Shekaru kusan 80 wannan warewa ba ta dami kowa ba sai masu tara ƙwari, har Ronald Ross ya ga ƙwayar cutar maleriya a cikin sauro a Indiya a 1897, sannan Giovanni Grassi da abokan aikinsa a Italiya suka tabbatar cewa Anopheles ne ke yaɗa ta tsakanin mutane. Nan da nan likitocin mulkin mallaka suka shiga kama sauro suna aikawa gidajen adana kayan tarihi na Turai, sunaye suka yi ta fitowa. A 1902 George Giles ya bayyana wani sauro daga Gambiya ya sa masa gambiae, ko da yake an ɗauki shekaru ana kiransa da wani tsohon suna, costalis, kafin na Giles ya zauna. Kayan aikin zamanin ido ne da madubi da allura: a soke ƙwaro, a duba ɗigon fikafikansa da zanen ƙafafunsa, a ajiye guda ɗaya a matsayin samfurin da sunan ya rataya a kansa. In biyu sun yi kama, jinsinsu ɗaya.

Turai ce ta fara ɗanɗana kuɗar wannan hanya. An daɗe ana mamakin yadda wasu yankuna ke cike da Anopheles maculipennis amma babu zazzaɓi, wasu kuma ga sauron ga cutar. A shekarun 1920 wani Ba'italiye, Domenico Falleroni, ya lura cewa matan da ba su da bambanci a ido suna saka ƙwai masu zane daban-daban. Lewis Hackett da Alberto Missiroli da wasu suka bi wannan sawu a shekarun 1930, suka gano cewa masu wani irin ƙwai sun fi son jinin shanu, masu wani irin kuma suna shiga ɗaki su ciji mutum. Mamakin ya ƙare da aka gane jinsuna da yawa ne a ƙarƙashin suna ɗaya. Wannan na cikin misalan da Ernst Mayr ya kafa hujja da su a 1942, lokacin da ya ce ma'aunin jinsi shi ne ko halittu suna barbara su hayayyafa da juna, ko da kuwa ido bai ga bambancinsu ba.

Na Afirka kuwa, zaren ya fara warwarewa ne daga ƙasar Kabi. A 1954 aka fara wani shirin gwaji na feshin gidaje a yammacin lardin Sakkwato, kewayen Birnin Kebbi, ana amfani da magungunan ƙwari da suka haɗa da DDT da dieldrin. Kafin ƙarshen 1955 sauron yankin da ake fesa wa dieldrin ya daina mutuwa. Aka aika da irinsa daga Ambursa zuwa Landan, inda George Davidson yake kiwon sauro a Cibiyar Ross. Abin da yake nema shi ne yadda ake gadon wannan juriya, don haka ya haɗa na Ambursa da wani iri na Legas wanda maganin ke kashewa. Ya sami amsar tambayarsa, ya kuma sami abin da bai nema ba: 'ya'yan da aka haifa sun rayu lafiya, amma mazansu ba sa haihuwa, kamar alfadarin da doki da jaki suka samar. Shekaru aka yi ana maimaita wannan haɗi da sauron ƙasashe daban-daban. Zuwa 1962 Davidson ya raba gambiae na ruwan daɗi gida biyu, A da B. Hugh Paterson ya ƙara C daga kudancin Afirka. Daga baya aka sami D a yammacin Yuganda. Gwajin ya kuma tabbatar cewa masu ƙyanƙyasa a ruwan gishiri na gaɓar teku, melas a yamma da merus a gabas, jinsuna ne masu zaman kansu.

Haruffa ba sa zama suna a dokar masana dabbobi, kuma dokar ta ce sunan da aka fara bayarwa shi ke da fifiko. Saboda haka sai da aka koma tsofaffin takardu ana neman sunayen da aka taɓa bayarwa aka watsar bisa zaton maimaici ne. A 1977 Peter Mattingly ya daidaita lamarin: A ya riƙe gambiae, B ya karɓi arabiensis wanda Patton ya bayar a 1905, C ya karɓi quadriannulatus na Theobald na 1911. D ba shi da tsohon suna, sai Graham White ya sa masa bwambae a 1985, don a kusa da maɓuɓɓugan ruwan zafi na Bwamba kaɗai ake samunsa. Bambancin ɗabi'arsu shi ne abin lura. Gambiae mutum yake nema, a ɗaki yake cizo, a ɗaki yake hutawa. Arabiensis ya fi jure fari, yana cizon mutum yana cizon saniya, kuma sau da yawa a waje yake kwana, inda feshin bango ba ya kai masa. Quadriannulatus kuwa dabbobi yake bi, ba ya cikin masu yaɗa cutar ga mutane. Ma'aikacin da ya kama shi ya rubuta gambiae zai sa a kashe kuɗi a kan ƙwaron da bai yi laifi ba.

Haɗa sauro barbara a ɗakin gwaji aiki ne na makonni, ba zai yiwu a yi wa dubban samfura ba. Mario Coluzzi na Roma ne ya buɗe hanyar da ta fi sauri tun ƙarshen shekarun 1960. A jakar ƙwan macen da ta sha jini akwai manyan kuromosom masu zane layi-layi, kuma kowane jinsi da tsarin zanensa. Da wannan aka tantance sauron Shirin Garki, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka gudanar daga 1969 zuwa 1976 a ƙasar Garki, jihar Kano a lokacin, Jigawa a yanzu. An fesa propoxur a gidaje da kyau, a wasu ƙauyuka an haɗa da raba magani ga jama'a, cutar ta ragu sosai amma yaɗuwarta ba ta tsaya ba. Babban dalili shi ne wani kaso na sauron ba ya sauka a bangon da aka fesa. Coluzzi ya nuna cewa ko a cikin jinsi ɗaya akwai sassan kuromosom da suka juya, cewa yawansu na ƙaruwa daga dajin kudu zuwa busasshiyar arewa, kuma samfurin da aka kama a ɗaki ya kan bambanta da na waje ta wannan fuska. Aikinsa da Yeya Touré a Mali ya fito da rukunoni a cikin gambiae kansa, waɗanda suka kira Mopti da Bamako da Savanna. Bayan gwajin DNA ya sauƙaƙa tantancewa daga 1993, sai aka ga rukuni biyu ne manya, aka kira su M da S a 2001. A 2013 Maureen Coetzee da abokan aikinta suka ba M suna coluzzii don girmama Coluzzi wanda ya rasu a 2012, S ya riƙe gambiae, wani jinsi na Habasha kuma ya sami amharicus. Na baya-bayan nan shi ne fontenillei, daga dajin Gabon a 2019.

Cikin masu sukar wannan rarrabewa, mai ƙorafi na farko zai ce sauro sauro ne, gidan sauro ba ya tambayar suna kafin ya kare yaro. Akwai gaskiya a nan, kuma babu wanda ya kamata ya jira sakamakon ɗakin gwaji kafin ya rataya gidan sauro. Amma gidan sauro da feshin bango sun fi kama mai cizo a ɗaki da dare. A sassan Kenya da Tanzaniya, bayan an yawaita raba gidajen sauro, gambiae ya ragu ƙwarai, arabiensis ya zama mafi yawa a abin da ya rage. Wanda yake ƙirga su da suna ɗaya zai ga adadi ya sauka kawai, ba zai ga cewa abokin gaba ya canja ba. Haka coluzzii: ya fi son ruwa mai daɗewa irin na gonakin shinkafa na ban-ruwa, gambiae kuma kududdufin damina mai saurin ƙafewa. A Sahel na Mali an sa wa wata macen coluzzii alama a ƙarshen damina, aka sake kama ta da rai bayan wata 7, shaidar cewa wannan jinsi na iya ɓuya ya tsallake rani. Ga yankin da ake faɗaɗa noman rani, sanin wane ne ke cikin fadama tambaya ce ta lafiyar jama'a kai tsaye.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. Idan ma'aunin jinsi shi ne rashin hayayyafa da juna, to gambiae da coluzzii suna barbara a ɗakin gwaji su haifi 'ya'ya masu haihuwa. A daji ma ana samun ruwa-biyu: ƙasa da kashi 1 cikin 100 a mafi yawan wurare, amma fiye da kashi 20 a Gini Bisau. Wajajen 2006 a wani yanki na Mali, ƙwayar gadon da ke ba da juriya ga maganin da ake sa wa gidan sauro ta tsallaka daga gambiae zuwa coluzzii ta wannan hanya. To me ya sa za a ce biyu ne? Domin a mafi yawan inda suke zaune tare ba su narke sun zama ɗaya ba. Mazansu na taruwa da magariba a wurare daban, gambiae bisa fili tsirara, coluzzii bisa wani abu da ya bambanta da kewayensa, kamar bakin rijiya ko tarin shara, kamar yadda aka gani a Mali. Katangar da ke tsakaninsu tana da ɓula, amma tana tsaye. Kuma labarin juriyar nan hujja ce ga masu rarrabewa, domin ba don an san biyu ba ne da ba wanda zai gane cewa wani abu ya tsallaka, balle a san daga ina.

Na uku shi ne cewa canja suna na rikita ma'aikata da tsofaffin rubuce-rubuce. A nan ina tare da masu ƙorafin zuwa wani mataki, kuma misalin Aedes ya isa. Daga 2000 zuwa 2009 John Reinert da Ralph Harbach da Ian Kitching suka farfasa wannan dangi zuwa dangogi fiye da 70, har Aedes aegypti, mai yaɗa shawara da dengi, ya koma Stegomyia aegypti a 2004. Mujallun likitanci da yawa suka ƙi bi, kuma a 2015 Richard Wilkerson da abokan aikinsa suka mayar da mafi yawansu ƙarƙashin Aedes. Binciken zuriyar da aka yi yana da daraja, amma inda za a ja layin dangi zaɓi ne na masana, kuma sabon sunan bai gaya wa ma'aikacin lafiya wani sabon abu game da ƙwaron ba. Raba gambiae daban ne, domin kowane sabon suna ya zo da halitta mai nata wurin ƙyanƙyasa da nata abincin.

Rikicin tsofaffin rubuce-rubuce ma yana da magani muddin an ajiye samfuri. A 1930 Raymond Shannon ya ga tsutsotsin gambiae a Natal, arewa maso gabashin Barazil, inda ake zaton jiragen ruwa masu sauri daga Dakar ne suka kawo shi. A 1938 ya haddasa annobar da ta kashe dubban mutane, kuma zuwa 1940 rundunar da Fred Soper ya jagoranta ta kawar da shi ta hanyar zuba guba a duk ruwan da yake ƙyanƙyasa da feshin gidaje. Shekaru da dama ana kafa hujja da wannan nasara a kan abin da za a iya yi wa gambiae a Afirka. A 2008 masu bincike suka ciro DNA daga samfuran da aka soke da allura a wancan lokaci aka adana a gidajen tarihi, sai ga shi sauron da ya shiga Barazil arabiensis ne, jinsin da ya saba da busasshiyar ƙasa irin ta wancan yanki.